Gurasar Ashura da Fankar da Na Toshe

Shekarun baya, a ƙarshen wata shekarar Hijira, Allah Ya jarrabe ni da wata mas'ala wadda ban taɓa cin karo da babinta a littattafan da na karanta ba. Masu bibiyar abin da nake rubutawa a nan sun saba ji daga gare ni a kan tsarki da gado da ciniki. Yau maganar gurasa zan yi, kuma ina roƙon a yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe.

Maiɗakina tana da bakance. 'Ya'yanmu uku na farko duk ƙyanda ta ɗauke su tun suna goye. Da ta kama na huɗu, sai ta ɗaga hannu ta yi wa Ubangiji alkawari cewa in yaron ya tashi, kowace ranar Ashura za ta gasa gurasa ɗari da hannunta a raba wa mabuƙata su yi buɗa-baki, muddin tana numfashi. Yaro ya tashi. Na gaya mata tun a lokacin cewa malamanmu ba su son bakance mai maimaituwa, domin yakan zame wa mutum nauyi, amma tunda ya fita daga baki ya wajaba. Ta ce ta ji. Shekara talatin da 'yan kai ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Mu mutanen Wurno ba masu gurasa ba ne sosai; tuwon shinkafa da fura munka tashi da su. Ita ta gada ne daga mahaifiyarta, wadda ta koyo a hanyar Makka zamanin da ake tafiya a ƙasa. Tanderun ma mahaifiyar ce ta sa anka gina shi a kusurwar tsakar gidanmu: wata babbar tukunyar yumɓu ce anka dasa, anka yaɓe ta da laka. Akan hura itace a ciki har bangon ya yi fari, sannan mace ta sunkuya, fuskarta cikin hayaƙi, tana manna kwaɓi da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Layya ta wannan shekarar, hayaƙin gashin raguna ya cika unguwa kamar yadda anka saba. Kafin la'asar numfashinta ya sarƙe. Kwana huɗu munka yi a asibiti. Likita ya kira ni gefe ya ce huhunta ya gaji da hayaƙi, kuma in ta sake sunkuyawa a kan wutar itace, ba ya ba ni tabbacin za a iya dawo da ita. Wadda ta yi jinyarta wata ma'aikaciya ce Kirista, 'yar Filato, kowa Sista yake ce mata. Ita ma ta maimaita mini maganar a bakin ƙofa ranar sallama.

Tsakanin Layya da Ashura wata ɗaya ne cur. Da munka dawo gida sai na zauna kusa da ita na shirya magana kamar yadda nake shirya wa masu zuwa neman fatawa. Na nuna mata cewa gajiyawa uzuri ce, shari'a ba ta nemi mutum ya halaka kansa ba, kuma za ta iya wakilta wata ta gasa a madadinta. Na kawo hujja a kan hujja. Ta saurare ni har na gama.

"Malam," in ji ta, "wagga fatawa taka gaskiya ta, ban musa ba. Aje ta ga masu zuwa zaure. Ni da bakina nic ce da hannuna, kuma nic ce muddin ina numfashi. To ga shi ina yi."

"Da ƙyar kike yin shi, Hajiya."

"Ban ce da sauƙi ba ranar da niy yi alkawarin."

Na san ta. Ba gardama take yi ba, sanar da ni take yi.

Ɗan nan da anka yi bakancen dominsa yana aiki a Sakkwato. Da na gaya masa halin da ake ciki, bayan kwana uku sai ga mota ta kawo oben na lantarki da janareta. Akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, da abin murɗawa biyu a gaba, da fanka a bangon baya daga ciki. Takardar bayaninsa da Turanci take, ni kuwa Larabci da ajami na karanta. Na kira ɗan nawa a waya, ya ce, "Baba, a kunna, a murɗa, a jira." Daga baya na gane shi ma iyakar saninsa ke nan.

Maiɗakina ta zagaya akwatin tana dogara bango.

"Wanga talabijin shi za ya gasa gurasa?"

Na ce shi ne, in Allah Ya so. A nan munka yi sharaɗi. In kafin Ashura akwatin ya fitar da abin da ita da kanta ta yarda gurasa ce, ba za ta hura tanderu ba. In bai fitar ba, za ta hura, kuma ba zan hana ta ba. Na amsa, domin ba ni da wata dabara. Na sa anka kai janareta bayan katanga don kada hayaƙinsa ya iso ta, na ƙudurta a raina cewa ba za a hura tanderun nan ba.

Ni mutum ne wanda bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba. Amma kowace rana, in na tashi daga karatun safe, sai in tuɓe babbar riga in shiga cikin gida. Ita ta kwaɓa tana zaune, ta faɗaɗa, ta miƙo mini, ni in gasa.

Ranar farko da na kunna, na ji fankar nan tana juyawa, sai na tsaya na yi nazari irin na malamai. Na ce fankar masallaci sanyaya mu take yi. Mai shan koko in ya yi zafi hura shi yake yi ya huce. Ashe ke nan duk iska mai motsi sanyi take kawowa. Wannan fanka an sa ta ne don ta sanyaya ƙarfen kada ya lalace, amma dole tana cutar da gurasa. Na nemi inda ake kashe ta ban samu ba. Sai na ɗauko wani farantin ƙarfe na jingina shi a gabanta, na kare ta ruf. Na ji daɗin kaina ƙwarai da wannan ƙiyasi. Bugu da ƙari, tunda na ga masu gashi ba su barin abu a kan wuta ba juyi, sai na riƙa buɗe ƙofa bini-bini ina jujjuya gurasar.

Abin da ya fito ba ya da suna. Gefen da ke kusa da farantin ya ƙone ƙurmus, gefen ƙofa kuwa ɗanyen kwaɓi ne. Wani lokaci oben ɗin ya ɗauke da kansa, sai ya huce ya dawo. Kwana tara ina wannan aiki. Na ƙara wuta, na rage wuta, na canza gari, na zargi janareta, na zargi yis. Faranti kaɗai ban zarga ba, domin shi ne ilimina a cikin al'amarin. Awakin gidanmu da farko sunka ci, daga baya sunka riƙa sunsunawa suna wucewa.

A rana ta tara wani taubashina, manomin albasa a Goronyo, ya zo cin kasuwa ya biyo gaisuwa. Tsakanina da shi babu shamaki, don haka ya shigo har tsakar gida.

"Salamu alaikum, ina mai abincin gidan? Af, Malam na! Nig ga gari har ga gemu."

"Shigo ka zamna, in kana da ladabin zama."

Ya ɗauki gurasa ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta a jikin turmi, ya kara kunne.

"Wagga ka ba ni ita. Akwai inda ruwa ka ɓalle min ga gona, da ita zan datse shi."

"Kai da albasa ta kashe ma hanci, mi kas sani ga abinci?"

"Na san wanda akuya ta ƙi."

Maiɗakina ta yi dariya daga ɗaki, dariyar ta zame mata tari mai tsawo. Na kai mata ruwa har ya lafa. Da na raka shi zaure sai ya bar wasa.

"Malam, kwana nawa ya rage?"

"Sati biyu."

"To kai ka faɗa muna kullum wanda bai sani ba shi tambaya. Ko mu kaɗai ta hau?"

Maganar ta shige ni. Na tuna Sista ta taɓa ce wa maiɗakina a asibiti ita takan gasa kek a gida lokacin Kirsimeti. Ba zan ɓoye ba, na yi jinkirin yini guda. Addininta bai tsayar da ni ba ko kaɗan. Abin da ya tsayar da ni shi ne a ga dattijo da rawani, wanda ake zuwa tambaya daga Gandi da Taloka, ya tsaya a barandar asibiti yana tambayar yadda ake gasa gurasa. Da na auna wannan kunya da tarin da na ji, sai na ga ba ta da nauyin komai. Na tafi. Washegari da ta tashi aiki ta zo gidan.

Ta gaishe da maiɗakina, ta duba numfashinta, sannan ta durƙusa ta buɗe oben. Ta daɗe tana kallon ciki.

"Baba, wa ya sa farantin nan a nan?"

"Ni na."

"Don me?"

Na yi mata bayanin fankar masallaci da na koko, a tsare, kamar ina karantar da ɗalibai. Ta rufe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu kanta ta ce:

"Baba, yi haƙuri. In tambaye ka. Da bazara, in aka kunna fanka da azahar a ɗakin kwano, sanyi kake ji?"

Duk wanda ya yi bazara a ƙasar nan ya san amsa. Iskar takan zo kamar daga bakin maƙera, har mutum ya gwammace a kashe.

"Fanka ba ta da sanyi nata," in ji ta. "Abin da ta samu shi take rabawa. Wutar wannan oben a bayanta take. Ita ce ke kai zafin ko'ina. Ka tare ta, ka tare wutar. Allah ne ya sa bai ƙone ba."

Maiɗakina ta ce, "Sista, ƙara faɗa mai. Kwana tara shina ba akuyoyina wahala."

Ta zare farantin. Ta koya mini abubuwa kaɗan: a bar oben ya yi zafi sosai kafin a sa komai, a bar fili tsakanin gurasa da gurasa don iska ta ratsa, kada a buɗe ƙofa sai an gama domin duk buɗewa zafi ne ke fita, kuma a riƙa lura ta gilashi saboda mai fanka ya fi saurin gashi. Na rubuta su da ajami a bayan wata takarda, na yi mata godiya irin wadda nake yi wa malamaina.

A ranar gurasa ta fito da launi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Na kai wa maiɗakina da hannu biyu. Ta gutsura, ta tauna, ta juya bayanta ta duba.

"Ya gasu, Malam. Sannu da ƙoƙari. Amma burodi na."

Na koma. Na kai wuta ƙarshe, na yayyafa ruwa a fuskar kwaɓi don kada iska ta busar da shi, na gwada hawa na sama da na ƙasa, ina rubuta kowane gwaji da mintocinsa. Kullum ana samun gyara, kullum amsa ɗaya. Watan Muharram ya kama. Ranar shida ga wata na dawo daga azahar na tarar da jaki a ƙofar gida ana sauke itace. Ba ni na aika ba. Na tsaya ina kallo ana jera shi kusa da tanderu, ban hana ba, domin sharaɗi sharaɗi ne.

Da yamma na tambaye ta, ba don gardama ba, mi ya rage.

"Iska na gasa fuska," in ji ta. "Bayan gurasa yumɓu mai zafi shika so. Shi ka tada ta, shi ka yi mata waɗanga idanu baƙi-baƙi. Ƙarfenku sirara na, ba shi riƙe wuta."

Washegari na sayo kasko sabo na sa a oben. Yana yin zafi ya tsage biyu da ƙara. Na sayo wani mai kauri. Shi bai tsage ba, amma gurasar ta manne, ta fito tana warin ɗanyar ƙasa. Ta sunsuna ta ajiye.

"Sabon yumɓu na. Tanderuna kau shekara talatin shina shan wuta."

Tana faɗin haka idona ya kai kan tanderun. Ta ga inda na duba. Ban iya roƙonta ta bari a fasa shi a sa yumɓunsa a oben ba. Shi ne abin da ya rage mata daga hannun mahaifiyarta. Kuma in anka fasa shi abin bai yi ba, ta rasa tanderu ta rasa gurasa, bakancen shekara talatin ya yanke a hannuna.

Ranar Ashura na dawo daga masallaci rana ta fara fitowa. Kwaɓi ya tashi a manyan kwanoni biyu. Ita kuwa tana tsaye gaban tanderu, ashana a hannunta, itace a gefen ƙafarta. Ina jin fitar numfashinta daga inda nake. Na tsaya a bakin zaure. Duk hujjojina na riga na gama su, sai addu'a a zuci.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa ashanar a bakin zanenta.

"Malam, miƙo min taɓarya."

"Hajiya, in kau ba ta yi ba?"

"In ba ta yi ba, sai in karɓi fatawarka."

Ta yi bisimilla ta kai bugun farko. Ƙarfinta bai wuce ya tsaga laka ba. Ta miƙo mini ta ce in ƙarasa, in bi a hankali ta gefe. Munka fitar da ɓari huɗu masu faɗi daga cikin tukunyar, baƙi wuluk, santsi kamar an goge. Ta kankare su da kanta. Na jera su a oben biyu sama biyu ƙasa, da fili a tsakani, na kai wuta ƙarshe, na rufe ƙofa. Munka jira har na karanta abin da ya sawwaƙa.

Ta zauna a kujera 'yar tsugunne gaban oben. Ina buɗewa, ta manna kwaɓi huɗu da tafin hannu, da saurin nan nata na da, na rufe. Munka haɗa kai a gilashi kamar masu neman jinjirin wata. Ba a jima ba ta farko ta kumbura, ta biyu ta bi ta. Da munka fitar, ta juya bayan ɗaya, ga idanun nan baƙi-baƙi. Ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kai hanci. Dukanmu muna azumi, babu halin ɗanɗanawa.

"Yaya?" in ji ni.

"Rufe ƙofa, zafi na fita."

Haka munka yi tun hantsi har la'asar, ba mu tsaya ba sai don salla. Ita ke mannawa, ni ke gadin ƙofa da agogo. Ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Da munka ƙirga, ɗari da uku. A shekarar matan da sunka gudo daga ƙauyukan Rabah sun cika unguwarmu, suna raɓe a gidajen dangi da 'ya'yansu. Su anka kai wa ɗarin. Ɗaya ta sa anka naɗe wa Sista. Biyu sunka rage mana.

Da anka kira magariba na sha ruwa na yi salla na dawo. Na tarar ta gutsuri tata tana ci a hankali, tana kallon kusurwar da tanderu yake a da. Na zauna na ƙi taɓa tawa. Ta cinye duka, ta kakkaɓe hannu.

"Malam, gobe a kai ma maƙwabta itacen nan. Shina tare min hanya."

Tun daga ranar ba a sake hura wutar itace a tsakar gidanmu ba. Ɓari ɗaya ya fashe bara waccan, uku na nan, tana naɗe su a tsohon zane daga Ashura zuwa Ashura, ba ta yarda kowa ya ɗauka. Taubashina har yau in ya shigo sai ya tambayi lafiyar awaki.

Nakan ba ɗalibaina labarin farantin nan in munka zo babin ƙiyasi. Kowane mataki na hujjata ya yi kama da daidai, amma dalilin da na ɗora hukuncin a kansa ba shi ne dalili ba, kuma kwana tara ina tuhumar komai ban da shi. Wannan darasi ne mai sauƙin faɗa, ana ma dariya in na faɗe shi.

Akwai wanda ya fi shi nauyi a gare ni. Fatawar da na ba ta daidai ce, ko yau anka tambaye ni ita zan bayar. Amma da a kanta na tsaya, da ta ƙyasta ashanar nan. Shekaru da yawa mutane na zuwa zaurena, in gaya musu shari'a ta sauke musu nauyi, su yi godiya su tafi, ban taɓa tambayar kaina ko sun iya saukewa ba. Yanzu in mutum ya zo da irin wannan, bayan na faɗi hukunci nakan riƙe shi kaɗan in tambaye shi mi yake tsoron rasawa, sannan mu duba tare ko akwai hanyar da zai cika abin da ya ɗauka ba tare da ya cutu ba. Wani lokaci babu. Sau da yawa akwai, sai dai tana buƙatar malam ya tuɓe babbar riga.

Allah Ya karɓa mata, Ya ƙara mata numfashi mai albarka, Ya saka wa wadda ta zare farantin da alheri. Ashura ta kusa, kuma an riga an sanar da ni cewa aikin gadin ƙofa yana nan yana jirana.